Sunan da Mai Zoɓo Ta Ƙi Faɗa

"Karanta mu ji," na ce wa maiɗakina, ina miƙa mata kwalbar da na liƙa wa takarda. Ta duba, ta ajiye, ta ci gaba da tace zoɓonta.

Tun zaman kullen korona take haɗa zoɓo da kunun aya a ɗan kicin ɗinmu na unguwar Al-Sadd a Doha, 'yan ƙasarmu da ke nan suna saye. Da gasar Kofin Duniya ta matso, na ce ai lokacin zama kamfani ya yi. Kunun aya ba ya jure zafin Doha, sai muka tsaya kan zoɓo kaɗai, mai citta da kanumfari. Suna kuwa ni na zaɓa, da wayona na ɗan kasuwa: Zoɓon Safiyya, sunan 'yarmu ta fari. Mai buga takardu amsata kawai yake jira.

Na ce, "Ke fa za ki riƙa ɗaga wayar masu saye, kina faɗin sunan kamfani. Gwada mana."

Ta ce, "Baban Mimi, tunda na haifi yarinyar nan ka taɓa jin sunanta a bakina? Sai yanzu a waya, a gaban Larabawa da 'yan Ajantina?"

"Hajiya, wannan kasuwanci ne."

"To kai ka dafa, kai ka ɗaga wayar. Khalas, magana ta ƙare."

Na dubi tukunya, na tuna ko shayi ban iya haɗawa ba. Har aka tashi daga gasar, Zoɓon Mimi muka sayar, sunan da take kiran yarinyar da shi.

Duk sanin kasuwata, kunyar 'yar fari ta kayar da ni. Ku ma har yanzu ana ɓoye sunan a gidajenku, ko mu kaɗai muka ɗauko abin har Doha?