Zoben Ribas

Baba yana da wani hali da ba wanda ya isa ya raba shi da shi. Kullum da safe, kafin Yayana ya fita da mota, sai ya fito daga zaure da carbinsa, ya zagaya bayanta, ya ɗora tafin hannu a kan but ya yi addu'a. In ya gama sai ya bubbuga sau biyu, sannan Yaya ya sa giya ya ja. Ba ya tsayawa a gaba, wai ba a tare wa mai fita nema hanya. Ba ya kuma tsayawa a gefe, wai rakiya daga baya ake yin ta. To, ƙofar gidanmu ba fili gare ta ba. A ƙauyenmu, can gefen Gezawa, gona har jikin katanga take zuwa, da damina gero kan leƙo mana ta saman bango. Dole Yaya ya riƙa manna bayan motar da katangar zaure don masu babur su sami hanyar wucewa. Abin da kan rage tsakani bai kai taku biyu ba, kuma a wannan 'yar kafar Baba yake shiga ya tsaya.

Motar 'yar Kwatano ce, ta sha jiki. Da ita Yaya yake jigilar fasinja zuwa Kano, da ita gidan yake ci kafin amfanin gona ya iso. Kan giyarta ya tsufa har fatar ta zazzage, Yaya ya naɗe shi da robar tayar keke. Ni kuwa a lokacin ina gyaran waya a Rijiyar Zaki cikin Kano, ina ji da kaina ƙwarai. Duk wanda ya iya buɗe waya ya mayar, sai ya ɗauka ba abin da zai gagare shi a duniya. Wata rana a wajen masu kayan mota na ga wani kan giya na gilashi, dogo, shuɗi, da 'yan kumfa a cikinsa. Na ce wallahi wannan na Yaya ne. Na saya, na taho da shi tsaraba.

Ranar Asabar na iso, Yaya yana gona yana maimai. Na karɓi mukulli wajen matarsa, na ce zan ɗauki wani abu a motar. So nake ya dawo ya tarar an gama, ya riƙe baki.

Tsohon kan ya fita ba gardama. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani baƙin zobe na roba, wanda sai direba ya ɗaga shi da yatsu biyu kafin giya ta yarda ta shiga ribas. A motar nan ribas a jikin giya ta ɗaya take, hagu da ita kaɗan, zoben ne kawai ya raba su. Na zura sabon kan, ya ƙi zama, zoben ya tokare shi. Na juya, na danna, na yi tsaki ya fi a ƙirga. Ni dama ban da haƙuri da abin da ya ƙi jin magana. Na ɗauko filaya na ce bari in ɗan sassauta shi, sai na ji ƙas! Zobe ya rabe gida biyu a hannuna.

Na zauna ina kallon ɓarnar da na yi. Ba zobe, ba ribas. Sai wayon gyaran waya ya zo mini: na jawo siririn ƙarfen da zoben yake ɗagawa, na ɗaure shi sama da wayar wuta, na ja fatar gindin giya na rufe. Na ɗaure sabon kan da 'yan kusoshinsa uku. Na gwada, ribas ta shiga sumul, ba sai an ɗaga komai ba. A nan na gane akwai haɗari, don na ga yadda ta shiga da sauƙi. Gutsattsarin zoben na jefa su cikin gero.

Da Yaya ya dawo, kai, ka ga murna! Ya wanke hannu kafin ya taɓa. Maƙwabta suka taru ana leƙe ta taga, ana cewa mota ta koma ta alhazai. Can yatsunsa biyu suka lalubi ƙarƙashin kan, inda suka saba zuwa.

"Ina zoben?"

"Ai na zamani ba sa zuwa da zobe, Yaya," na ce masa. Ko idona bai ƙifta ba.

Ya ce, "Ikon Allah." Bai ƙara ba. A gidanmu ba a kushe tsaraba, balle ta ƙani, balle a gaban mutane.

Washegari Baba ya shiga 'yar kafar nan ta bayan mota ya ɗora hannu. Na tsaya a bakin zaure ina kallon hannun Yaya ta gilashi. Hannun manomi ne, ba ya lallaɓa komai. Shekara da shekaru ya saba ya tura giya hagu da ƙarfi har ta bugi abin da ke tare ta, sannan ya kai ta gaba, idonsa na kan hanya. Yanzu abin da ke tare ta ɗin ba ya nan. Baba ya bubbuga. Mota ta yi gaba lafiya.

Na bi Yaya yini ranar. A tasha, da zai tashi da fasinja, motar ta zabura baya ta tunkuɗe baron wani mai rake. Aka yi ta dariya, mai rake yana zage-zage, Yaya yana ba da haƙuri. Ya shafa gilashin ya ce, "Sabon abu, sai hannu ya saba." Ga dama ta samu, daga ni sai shi a gaba. Amma in na faɗa, na zama maƙaryaci, na zama ɗan birnin da ya zo ya ɓata motar da ake ci da ita. Na ce masa, "Zai saba, Yaya."

Da la'asar na sami Baba a kan dakali yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ko zai riƙa tsayawa a gefen motar, tunda bayan ya yi matsi. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaushe ka fara zaɓa mini wurin tsayuwa?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Na tashi da kunya. A raina na ce gobe in mun shiga Kano zan ja Yaya wajen bakanike da wata dabara, a gyara ba tare da kowa ya ji ba. Safiya ɗaya ce kawai ta rage. Haka na yi ta faɗa wa kaina.

Litinin aka tashi da yayyafi. Na ɗauki jakata na zauna a gaba, gwiwata tana gogar gilashin nan. Yaya ya tayar da mota. Ta madubi na ga Baba ya shiga tsakaninta da katanga, ya ɗan karkata kafaɗa don wurin ya ishe shi, ya ɗora hannu. Addu'ar ta yi tsawo ranar, ko kuwa ni na ga tsawonta. Kalma uku ta isa: Yaya, duba giya. Tana bakina, wallahi tana bakina. Aka bubbuga sau biyu. Hannun Yaya ya tafi hagu, na ga ya wuce inda ya kamata ya tsaya, Yaya ya saki kuloci.

Ba wata ƙara mai yawa aka yi ba. Motar ta zabura, ta tsaya, ta mutu. Ƙasa ta zubo daga katanga a kan but. Sai muryar Baba, a hankali, yana salati.

Ƙugunsa ne ya karye, da cinya. Aka yi asibiti, aka dawo aka yi maɗori, amma bai ƙara taka ƙafarsa zuwa masallaci ba. Garin ya ɗauka: gaggawar Yaya ce, dama ba ya duba madubi, ga shi ko jiya ya ture mai rake. Yaya bai musa wa kowa ba, don shi ma haka ya yarda. Ya daina tuƙi, ya daina zama cikin mutane, in ya kawo wa Baba ruwan alwala sai ya ajiye ya fita kansa a ƙasa.

Ranar da zan koma Kano Baba ya sa aka kira ni ɗakinsa. Na shiga na durƙusa, na ce yau kam zan faɗa, kome za a yi a yi. Kafin in buɗe baki ya kamo hannuna.

"Ɗan'uwanka yana cin kansa," ya ce. "Na ce masa na yafe, bai ji ba. Kai ne mai nutsuwa a cikinku, kai ka hango abin ka gaya mini, ni na ƙi ji. Allah ya yi maka albarka. Ka je ka ce masa kai ma ka yafe masa."

Na ce, "To, Baba."

Na fita na sami Yaya a bayan gida yana tsugune. Na ce masa na yafe masa. Ya rungume ƙafafuna yana kuka, yana yi mini godiya.