Jatau da Taken Zakariyya

Jatau na Ɗan Isa bai taɓa iya noma ba, wannan kam kowa ya sani. In ya ja kunya, sai ka rantse sawun akuya ya bi. Da ubansa ya gaji da faɗa, sai ya ce ya riƙa ɗaukar wa makaɗa ganga ranar gayya, ko ya yi amfani. To, nan fa ya samu abin yi. Ya samo tsohuwar rikoda, duk inda ake gayya, daga Kaura har Zurmi da Shinkafi, yana gindin makaɗa yana naɗa. Kowane gwarzon manomi da takensa, kiɗan da in ya ji ba ya iya zama, sai ya zabura ya yi kirari. Jatau ya tara su kaf a kaset.

Da aka buɗe ƙaramin gidan rediyo a Kaura, shi aka ba shirin Bakin Gona. Kai, mutumin nan akwai baki! Ya sa kiɗa, ya tsokani ragwaye, a buga waya a tuna masa tasa gonar, ya yi ta dariya.

Sai 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, gayya ta mutu. A shekarun nan ne wata tsohuwa, Ladidi ta Katuru, ta tare shi a ƙofar tashar.

"Ɗana Zakariyya nika biɗa," in ji ta. "An yi cigiya har an gaji. Ranar da aka shigo muna, ya gudu ya bar ni. Kunya ce ta hana shi amsawa. Ni ko so nikai in gan shi kafin in mutu."

Tausayi ya kama Jatau ƙwarai. Ya san Zakariyya, ya ga yadda yake cin gona da galma. Ya tono kaset ɗin, ya jira ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da rediyon kowane mai shayi ke kunne, ya saki takensa.

"Ina Zakariyya na Katuru?" ya ce. "Ko galma ta fi ƙarfinka ne yanzu?"

Shiru. Kasuwa ta zagayo, ya sake, shiru. Mutane suka fara cewa wahalar da tsohuwa kawai yake yi, ya bari mana. Shi ma abin ya dame shi, don Ladidi kullum tana zaune gefensa, tana ƙara ramewa. Amma ya san manoma, bai bari ba.

Ran nan ganga na tsakiyar tashi, waya ta yi ƙara. Ba sallama, ba gaisuwa, sai ihun ƙato yana kirari, har lasifika na rawa. Zakariyya ne, daga Jangeru inda yake dako. Bai kai ƙarshen kirarin ba kuka ya ƙwace masa.

Jatau ya tura wa Ladidi makirfo.

"Ka ƙare ihun?" ta ce. "To taho gida, hura na jiranka."

Wallahi ranar har a tashar mota an yi guɗa! Daga nan mutane suka yi ta zuwa a buga musu taken 'yan uwansu da suka ɓace, kuma da yawa sun amsa.

Jatau ya rasu da bazara, 'yarsa Muhsina ta riƙe shirin. Da ruwa ya sauka, ba wanda ya kira gayya, amma da hantsi sai ga mutane a gonarsa, wasu a babur, wasu a ƙasa, Zakariyya a gaba. Muhsina ta ɗora rikodar ubanta kan kututture ta kunna, aka duƙa. Tun da aka sari gonar nan, ba a taɓa ganin kunyoyinta a miƙe ba sai ranar.