Ranar da Inna ta kira sunana

Shekara tara ke nan da muka kai Inna makwancinta a nan Riyad, garin da ba ta taɓa yarda da ruwansa ba, balle shinkafarsa. Ba zan rubuta sunanta ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Kazaure uwa ba ta kama sunan ɗan fari, shi ma ba ya kama nata. Sunana Nasiru, amma a bakinta ni "yaron nan" ne, ko "yayanku" in da ƙannena take magana. Da na samu aikin injiniya a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu sai aka yi mini ƙarin girma, na koma "mutumin Riyad". Har furfura ta cika mini gemu haka take ce mini.

Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Abokina Dakta Bashir, mutumin Zariya, likitan ƙwaƙwalwa a wani asibiti mai zaman kansa, shi ya tare ni a unguwar Batha bayan sallar Juma'a da labari. Wai gwamnatin ƙasar nan za ta ba jami'o'i da asibitoci tallafi don su tsara yadda za su kafa cibiyoyin binciken cutar mantuwa, wadda mu muka sani da gigin tsufa. Tallafin na tsara aikin ne, na ginin sai gaba. Asibitinsu yana cikin masu nema, kuma suna son su nuna cewa suna da majinyata daga ƙasashe daban-daban da za a yi binciken da su. Sai ya rage murya ya ce, "Injiniya, ka kawo Madam mu duba ta mana. Kai da bakinka ka ce mini ta fara mantuwa."

Na faɗa masa kuwa, amma a matsayin aboki na faɗa, ban san zancen zai dawo mini da rigar asibiti ba. Rabi, matata, ta fara ajiye abu ta rasa inda ta sa shi. Ran nan ta tambaye ni ko Hauwa, 'yarmu da ke aure a Kano, ta bugo waya, alhali ita ta ɗauki wayar suka sha hira. Ƙila gajiya ce, ƙila shekaru ne. Ƙila kuma abin da ya ci Inna ne ya dawo gidan. Tun daga ranar Juma'ar nan tambaya ɗaya ke yawo a kaina: in miƙa musu Rabi, ko in riƙe abata?

Na san abin da Inna za ta fara cewa da ta ji labarin. Mace ce da ba ta ɗaukar alkawari da zafinsa. In ƙanena ya zo yana zuba mata yadda zai buɗe shago, takan bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "To, an ɗora tukunyar?" In ya ce tukuna, sai ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta. Mai yawan fara'a a kasuwa zarginsa take yi. Maganin da aka ba ta kyauta sai ta shinshina shi. Mukan yi mata dariya, ga shi yau na wayi gari da halin nata kaf, har da shinshinar.

Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko ta ta zauna da mu. Ta yi shekaru lafiyarta ƙalau, ban da ciwon gwiwa da ƙorafin cewa mutanen garin nan ba sa gaida maƙwabci. Daga baya ƙananan abubuwa suka fara. Ta sallaci la'asar, ta tashi ta sake alwala ta maimaita. Ta zuba gishiri a miya, ta dawo ta ƙara. Rabi ce ta fara lura, ita ce kuma ta matsa muka je asibiti.

Likitan da muka samu Balarabe ne, mutumin kirki, mai haƙuri. Inna ba ta jin Larabci sai na salla, don haka ni ne tafinta. Ya tambaye ta wace rana ce, ta faɗa. Wane wata, ta ba shi na Musulunci daidai. Ya ce ta zana agogo, ta ce a gaya masa ita da rana take duba lokaci. Sai ya nuna ni da alƙalami ya ce in tambaye ta wane ne wannan, kuma mene ne sunansa.

Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Ni, da girmana, in dubi Inna in ce ta faɗi sunana. Na dai daure na fassara. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafe ƙasa da ido. Likita ya ce in maimaita, na maimaita. Ta ce a hankali, "Ka gaya masa ya tambayi wani abin." Ya koma kan mahaifinmu: mene ne sunan mijinta? Nan ma shiru, don matar da ta san kanta a garinmu ba ta kama sunan miji, yana raye ko ya mutu. Na ga ya yi rubutu. Na yi masa bayanin alkunya iya Larabcina, na ce al'ada ce, ta sani sarai, faɗa ne ba za ta yi ba. Ya yi murmushin tausayi ya ce kowane iyali da uzurin da suke kawo wa majinyacinsu, yana gani kullum. A hukuncinsa, matar da ba ta san sunan ɗanta da na mijinta ba ciwonta ya yi nisa. Ya ce a raba ta da wuta da wuƙa, kada a bar ta ta yi komai ita kaɗai.

A mota Inna ta ce, "Wannan likitan ba shi da kunya. Ba shi da uwa ne?" Rabi ta yi dariya har da hawaye. Da muka isa gida ta ce mini ita kam ba za ta kori Inna daga kicin ba, matar da ta kama rashin kunyar likita hankalinta na jikinta. Ta dai riƙa tsayawa kusa da ita, tana ɗauke gishirin in an zuba na farko. Da haka Inna ta ƙara samun shekaru tana tuƙa tuwonta, tana kushe na Rabi. Da mun bi takardar likita, da mun zaunar da ita a kan kujera tun tana da sauran ƙarfinta.

Ciwon dai gaskiya ne, kuma bai tsaya ba. Ta manta hanyar banɗaki. Ta fara neman kajinta na Kazaure a bayan firji. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne gaisuwa. 'Yan uwanmu na Batha da Al-Oud, 'yan Najeriya da mutanen Maraɗi da Damagaram, sukan zo dubiya. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya jiki, da sauƙi, alhamdu lillahi. Ba ta kuskure ko ɗaya. Sai su fita suna cewa ai Hajiya garau take, mu ne muke zuzuta abin. Ba su san suna juya baya za ta tambayi Rabi su wane ne waɗannan ba. Rabi ce ta yi wanka da wanki da ciyarwa, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ko ranar da Inna ta zarge ta da sace mata zani.

Wata ranar komawa asibiti, likitan nan ya sake nuna ni da alƙalami. Na fassara ba tare da tsammanin komai ba. Inna ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da ƙarfi, "Nasiru ne mana. Nasiru na." Likita ya washe baki ya ce ma sha Allah, an samu ci gaba, magani yana aiki. Ya rubuta. Rabi ta tashi ta fita daga ɗakin tana toshe baki da mayafi.

Tun ina yaro a ɗakin kakata, wadda ta raine ni kamar yadda ake yi wa ɗan fari, nake kwaɗayin jin sunan nan a bakin Inna. Nakan ji tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, in yi tsaye a bakin ƙofa kamar ɗan maƙwabta. Ranar da na samu abin da nake so, ranar na san ta tafi. Matar da ta riƙe kunyar nan fiye da shekara hamsin ba za ta sake ta tana sane ba. Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irinsa ba. Ba ta cika shekara bayan nan ba Allah ya karɓi abarsa.

To, da wannan idon nake kallon labarin Dakta Bashir. Aikina ya sa na san abin da ake kira matakin tsarawa. Na zauna a tarurrukan da aka sha gahawa da dabino, aka kawo ɗan ƙaramin gini a cikin gilashi kowa ya yaba, aka watse, filin kuma har yau raƙuma ke kiwo a wajen. Ban ce haka za a yi da wannan ba. Cewa na yi ban ga tukunya a wuta ba tukuna, kuma tun yanzu ana neman matata.

Ko an gina cibiyar ma, da waɗanne tambayoyi za a buɗe ta? In waɗanda aka yi wa Inna ne, to za a tara tsofaffinmu a rubuta masu hankali a cikin waɗanda suka ruɗe, waɗanda suka ruɗe kuma a yi musu barka da samun sauƙi. Sannan a buga sakamakon a ce bincike ne. Akwai kuma abin da baƙo ba ya faɗa da ƙarfi a garin nan. Rabi a kan iƙamata take zaune, takardar izinin zama ke nan, inshorar lafiyarta kuma a hannun kamfanin da nake wa aiki take. In aka rubuta mata wannan ciwo, wa zai gani? Zai tsaya a ɗakin likita, ko zai bi ta wata ƙofa ya isa teburin kafili, wato mai kamfanin da ya tsaya mini, ranar sabunta kwantiragi? Ba ni da shaidar cewa ana yin haka. Amma na raka tsofaffi da yawa filin jirgi da bizar fita ta ƙarshe, ba wanda ya ce musu don ciwonsu ne. Ina tsoron a ƙirga mu lokacin neman tallafi, ranar da magani ya fito kuma muna Kazaure.

Kada in zalunci abokina. Bashir ba macuci ba ne, kuma babu wanda ya fi ni son a samo maganin wannan ciwo. Na ba shi labarin Inna, sai ya ce ai irin wannan gyaran ne tallafin tsarawa yake domin shi, in ban zo na faɗa ba wa zai faɗa? Ya ce shi in ya ga tsohuwar Bahaushiya tsallake tambayar yake yi. Na ce, "Kai ke nan, Dakta. Kai ma ɗan kwantiragi ne. Ranar da ka koma Zariya fa?" Mun rabu a kan zan je taronsu, ni kaɗai, in faɗa musu abin da na rubuta a nan. In suka gyara tambayar, suka kuma gaya mini a fili wa zai ga sakamako, zan kawo Rabi da kaina. Na san jiran nan ma caca ce, don in ciwon ne, ba ya jiran kowa ya gama taro.

Rabi ta gane ina sa mata ido. Shekaranjiya tana neman tabaranta, yana rataye a wuyanta, ta kama ni ina kallo. Ta ce, "Abban Hauwa, ka daina saurarona kamar injin da ya fara ƙara. Ni na yi jinyar Inna, na san farkonsa." Abban Hauwa take ce mini tun da aka haifi yarinyar, kafin nan kuma "ka ji" ne da "ka gani". Tunda aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kama sunana ba, ko cikin fushi.

Kabarin Inna ba suna a kansa, haka ake yi a nan, dutse ne kawai a kai da ƙafa. Na tabbata wannan ɗaya daga cikin 'yan abubuwan garin da za ta yaba ne. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Ta bar mini halin shinshina abu kafin in haɗiye, ta kuma bar mini awon da har yau ban ji wata cibiya ta san da shi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi.

Yaron da ya girma yana roƙon Allah ya ji sunansa a bakin uwarsa, yanzu tsoho ne da ke roƙon kada ya ji shi a bakin matarsa. Kullum da safe ina zaune a falo da takalmin aiki a hannu, kunnena yana kicin. Yau ta leƙo ta ce, "Abban Hauwa, shayinka zai huce." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har ta tsaya tana tambayata ko lafiya.