Makokin Mai Rai

Har yau akwai masu cewa Garzali wawa ne, don ya bar Doha ana gab da fara Gasar Kofin Duniya. Masu faɗin haka ba su san abin da ya ji a bakin ƙofa ba, kuma babu wanda ya tambaye shi.

Mutumin Malumfashi ne, mai gadi a wata jami'a. Yana kwana a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh tare da 'yan uwansa masu gadi da direbobi. Shekarunsa da yawa a can bai leƙa gida ba. Kullum sai ya ce baɗi, har korona ta zo ta rufe hanya. Mahaifiyarsa kuwa tsufa ya ci ƙarfinta, a waya ma da ƙyar yake jin muryarta.

Da aka koma makaranta, sai aka sa shi a ƙofar wani aji, yana duba shaidar lafiya ta cikin waya da takunkumin kowa. Ɗaliban ajin an shirya kai su ƙasar Ireland ne su karanta adabin marubutanta na wannan zamani, annoba ta hana tafiyar. Sai malamar, wata dattijuwa 'yar can, ta riƙa koyar da su daga ƙasarta ta allon talabijin na bango. Doka ta ce a bar ƙofa a buɗe don iska ta shiga. Ta nan karatun yake fitowa ya same shi a tsaye.

Turancinsa na aiki ne, ba ya kama komai sosai. Amma akwai Sanatu, ɗaliba 'yar Zangon Kumasi, wadda take gaishe shi da Hausa tana kiransa Kawu. Yakan tsokane ta cewa Hausarta ta sha ruwan teku, ita kuma ta ce tasa ta bushe da rana.

Wata rana ya ji ajin ya kaure da gardama. Da suka fito ya tambaye ta. Ta ce labarin wani ne da ya tafi neman abinci wata ƙasa, ya dawo an riga an binne uwarsa, suna musu ko laifinsa ne. Yara masu ƙoshi suna yanke wa ɗan ci-rani hukunci, ga ɗan ci-rani a bakin ƙofarsu, ko kallonsa ba su yi ba! Sannan ta gaya masa abin da malamar ta ce: a da can, idan ɗa zai bar Ireland, dangi da maƙwabta sukan taru su yi masa zaman makoki yana zaune a tsakiyarsu, don sun san ba lallai su sake ganinsa ba.

Garzali ya tuna jajibirin tafiyarsa, Inna ta tara matan unguwa, ta soya waina ta raba sadaka, ta kama hannunsa ta ce su yafi juna. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce ai ba lahira za shi ba.

"Kawu, lafiya?" in ji Sanatu.

"'Yata, ashe ni ma an yi mini. Ni ne ban gane ba."

Da hanya ta buɗe ya nemi hutu. Shugabansu ya ce a jira. Ya sake nema, aka ce khalas, magana ta ƙare, babu mai gadin da zai motsa sai an gama ƙwallo. Su Sanatu dai aka kai su Ireland ɗin daga baya, ta turo masa hoton kore shar da ruwan sama. Su da suke karanta labarin an ba su jirgi, shi da labarin yake kansa an ce ya tsaya a ƙofa.

Ya ce zai ajiye aikin. Ɗantala, abokin ɗakinsa, ya yi ta masa tsiya: duniya gaba ɗaya tana rububin shigowa, shi yana neman hanyar fita, ko littafin Turawa ne ya shiga kansa alhali bai karanta ko shafi ba. Ya ce masa ya haƙura, tsohuwa ai tana nan.

"Kai ka yi mata alkawarin kwana?" Iyakar amsar da Garzali ya ba shi ke nan.

Ana kafa tutocin gasar a unguwar Mushairib ya wuce da jakarsa.

Ya iske Inna da rai. Idonta ya tafi, sai ta shafa fuskarsa ta ce ya rame. Lokacin da ake ƙwallon, yara sukan zo su ce sun ga garinsa Doha a talabijin, shi yana zaune yana ba ta kunu da ludayi. Ba ta kai azumi ba. Shi ya kama makararta, shi ya shiga kabarin ya kwantar da ita, shi ya zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa.

Yanzu yana gadin wani shagon siminti a bakin tasha, aikin da bai kai na da ba ko kusa. Masu cewa ya yi wauta suna nan, kuma yawancinsu a waya aka gaya musu rasuwar tasu uwar.