Shekarar da Na Bar Karatun Likita

Ban taɓa cewa ina son zama likita ba. Kimiyya ce ta zo mini da sauƙi a sakandare, sai Baba ya yanke shawara, ni kuma na bi. Na samu gurbi a jami'a a Kano, na kai aji biyu, a nan na maƙale. Warin maganin da ake adana gawa da shi ya raba ni da abinci. In na haddace sunayen jijiyoyi da safe, kafin la'asar sun zube. Na faɗi jarrabawa, na maimaita ajin, na sake faɗuwa. Da malamai suka tafi yajin aiki, har cikin raina na ji daɗi.

Na dawo Haɗeja ba na son fita. Duk wanda na haɗu da shi sai ya nuna mini ƙurji, ko ya tambaye ni maganin hawan jini. Na koma kwanciya a zaure.

A nan Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya same ni wata safiya. Injiniyan noman rani ne da ya yi ritaya, amma bai daina zagaya gonaki ba.

"Tashi ka kai ni fadama," in ji shi. "Gwiwata ta hana ni tuƙa babur."

Na kai shi don kunya kawai. Ya nuna mini yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonar wani ta nutse, ta maƙwabcinsa kuma ta bushe. A wata gonar shinkafa ya tsuguna da ƙyar, ya kankaro wani farin abu da ya rufe ƙasa kamar kanwa.

"Kai da ka yi kimiyya, me ya kawo wannan?"

Na ce gishiri ne, ruwa ya ɗago shi, rana ta shanye ruwan ta bar shi. Ya ce to yaya za a yi da shi? Ban sani ba. Abin ya tsaya mini a rai, washegari ni na je gidansa. Haka muka yi ta fita har ƙarshen rani. Ya ba ni tsofaffin littattafansa, kuma duk tambayar da na yi sai ya mayar mini da wata.

Wata rana a hanyar Kaugama na tsayar da babur a gindin tsamiya.

"Kawu, karatun nan ba zan iya ba."

"Na gani tuntuni," ya ce. "Amma kada gudu kawai ya fitar da kai. Ka san inda za ka. Aikin ƙasa rana ce da taɓo, kuma ba mai miƙewa tsaye don ka shigo."

Shi ya haɗa ni da wata tsohuwar abokiyar aikinsa da ke koyar da kimiyyar ƙasar noma, ta yi mini bayanin yadda ake sauya sashe. Shi ne kuma ya raka ni wurin Baba. Baba ya saurare mu har ƙarshe bai kalle ni ba.

"Shekarun da ya yi fa?"

Kawu ya ce, "Sun tafi, Alhaji. Na gaba nake ji wa tsoro."

Baba ya ce Allah ya sa hakan ne alheri. Watanni muka yi daga gaisuwa ba ƙari.

Na koma aji biyu cikin ƙannen bayana. Abokaina suka sa fararen riguna ina awon laka. Na gama dai. Yanzu ina aiki da manoman shinkafa da alkama a bakin kogi, ina auna ƙasa, ina ba da shawarar da wani lokaci ake ɗauka, sau da yawa kuma a'a. Ba na nadama, gajiya dai nake ji.

Bara ambaliya ta cinye gonakin gwajin da muka daɗe muna raino. Na je na faɗa wa Kawu, wanda yanzu ba ya iya fita. Bai yi mini jaje ba. Ya tambaye ni ta wane ɓangare ruwan ya shigo, na faɗa masa. Ya ce in bari ya janye, in sake ɗibar ƙasar in auna, don ambaliya takan wanke gishiri. Na ce to. Ruwan bai janye ba sai bayan kaka, muka sake daga farko.