Baba Zacharias na Zauren Makamai

Da hantsin Talata, huɗu ga watan Maris, 2025, 'yarka Clara ta kira ni ta ce, "Anti Saudatu, Baba ya tafi." Na zauna a kan bencin zauren makamai na gidan tarihin soja, inda muka yi shekara sha huɗu muna aiki tare, ina kallon takubba da bindigogin toka a cikin gilashi, ina jiran ka ɓullo ta ƙofar baya.

Baba Zacharias, lokacin da na kama aiki a 2011, ka daɗe da ajiye kakin soja, kai ne mai zagayawa da baƙi. Kwari da bakan kakanka, da kanka ka kawo su daga ƙauyenku na Bwari. In ka tsaya gabansu kana magana, sai zauren ya koma daji, har mutum ya ji ƙamshin ciyawar damina.

Ba zan manta da Iya Indo ba, dattijuwar nan ta Dutse Alhaji. A 2016 ta zo neman labarin wanta Maitama, wanda ya tafi yaƙin basasa tana yarinya, bai dawo ba, ko hotonsa babu a gidansu. Mu muka ba ta haƙuri. Kai kuwa sai ka shiga ɗakin ajiya, wata uku kana juya tsofaffin hotuna ɗaya bayan ɗaya, kana karanta rubutun bayansu, har idonka ya fara ciwo. Ranar da ka ga sunansa, bas ka hau ka je ka ɗauko ta.

Ta daɗe tana kallon saurayin da ke murmushi a hoton, hularsa a karkace. Can ta ce, "Ashe Yaya bai tsufa ba."

Ka ce, "Mama, zauna ku gaisa. Ba mai korar ki."

Ka janye mu duka waje, ka tsaya bakin ƙofa kamar mai gadin bariki, har ta gama kukanta.

Ubangiji ya yi maka rahama, ya ba ka hutun da ka sama wa wasu. Mama Magdalena, abokiyar zaman Baba ta shekara arba'in, da Clara da ƙannenta, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya sa albarka a abin da Baba ya bari. Mu ma a nan, an yi mana mutuwa.