Ranar da Gwaggo Lai'atu Ta Ci Barkono

Gwaggo Lai'atu, yayar babana, ba ta cin barkono, kuma duk unguwarmu a Kafanchan an san da haka. Tun da gyambon ciki ya kwantar da ita a shekarun yaƙin basasa, ko ƙaurin attarugu ta ji sai ta toshe hanci ta hau faɗa. Tattasai kaɗai ta yarda da shi, shi ma sai ta tsaga ta kankare 'ya'yan tas. Matan Zumunta na majami'armu suna kiran miyarta miyar asibiti. Ita kuwa 'yar guntuwa ce mai muryar mutum uku, dafaffiyar gyaɗa take sayarwa a tashar jirgi, ba a kai ta ƙasa a magana. Sai ta ce musu, "Ba ku iya girki ba ne, shi ya sa kuke ɓuya bayan yaji."

Kowace shekara ranar bikin godiya, kowace mace kan kawo kwanonta a jera ƙarƙashin mangwaro. A zaga ana ɗanɗanawa ana musu. Afiniki ta rantse babu kamar busasshen barkono da aka daka da citta da daddawa. Malama Hellen ta ce a'a, attarugu ɗanye a soya cikin manja. Kwano ya koma gida da saura, an sha kunya. Kwanon da ba wanda ya taɓa kuwa, an gama da mai shi a gari.

A shekarar 1975 mijin Martina maƙwabciyarmu, ma'aikacin reluwe, ya rasu da murɗawar ciki bayan ya ci abinci. Danginsa suka fara raɗa wai ta zuba masa wani abu. Wansa, Zamani, yana so ya kwashe 'ya'yanta biyu ya kai ƙauye, dattawan ikilisiya kuma suka ce a dakata a ga yadda mata za su yi da ita. Kai, munafunci! Su ba za su faɗa da bakinsu ba, sai su bar wa kwano ya faɗa.

Martina ta zo bikin da faten acca, ja wur da ƙananan barkonon nan masu tashin hankali. Ta ajiye ta koma gefe. Mata suka riƙa tsallake kwanon kamar kashin kaza. Ina kallo raina yana tafasa, amma ina sabuwar amarya, wa zai saurare ni?

Sai ga Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna gaban kwanon. Na ce, "Gwaggo, cikinki!" Ta ce, "Cikinki ne ko nawa?" Ta ɗebo cike da ludayi ta kai baki. Nan take hawaye ya ɓalle mata, zufa ta jiƙa ɗankwali, ta ƙara wani.

Ta ɗaga murya. "Martina, 'yata, zo nan. Yaya kika yi wa barkonon nan?"

Martina ta matso. "Mama, gasa shi nake a garwashi tukuna, in daka da riɗi."

"To, ku ji! Afiniki, shekara nawa kina cika mana baki da yajinki? Ga yarinya ta binne ki."

Afiniki ta zabura. "Ke da ba ki san ɗanɗanon yaji ba, ke ce alƙaliya? Ba ni ludayin nan!" Ta ci, ta ce riɗin ya yi yawa. Malama Hellen ta ce sai ta ji da harshenta. Wasu suka biyo, wasu suka juya baya suna tsaki. Abin da ya rage Gwaggo ta suɗe shi da yatsa.

Kafin mu isa gida ta fara naɗewa don ciwon ciki. Washegari da safe na same ta a tabarma, leɓɓanta sun bushe, ta dafe ciki da hannu biyu. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce bari in nemo mota mu tafi asibiti.

Ta cafke hannuna. "Ke ba ki da hankali? Na ci abincin Martina jiya, yau a ga an ɗauke ni zuwa asibiti? Me za su ce? Kafin rana ta faɗi an kwashe yaran nan. Dama mini kunu marar tsami, ki ɗora mini tirena."

Na yi kuka, na roƙe ta, ta ce in rufe mata baki. Ta wanke fuska, ta sa jan zanenta na zuwa coci, ta bi ta hanyar kasuwa don kowa ya gan ta. Ina biye da ita ina jin yadda take haɗiye nishi tsakanin gaisuwa da gaisuwa.

A tasha muka tarar da Zamani tsaye wajen da take zama, da wasu dattawa biyu. Ba tafiya za su yi ba, gani suka zo yi ko ta faɗi.

Gwaggo ta sauke tire da kanta, ta miƙe tsaye cir. Ta dubi Zamani ido cikin ido.

"Ina kwana, Zamani. Gawata ka zo gani? Ga ni nan. Duba da kyau, ka je ka faɗa a ƙauye. Kuma ranar Lahadi ma a gidan Martina zan ci, ita da 'ya'yanta."

Dattawan suka sunkuyar da kai, suka ja shi suka tafi. Ba ta zauna ba sai da suka sha kwana. Sa'an nan ta jingina da ni da dukan nauyinta, ta ce a kunnena, "Riƙe ni, amma ki yi kamar hira muke."